Taragon da ya fito kamar an tsamo shi daga kwata: amsa kan tsufar da ƙananan jiragen ƙasa

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce bai daɗe da fara tara ƙananan jiragen ƙasa na ma'aunin HO ba, yana da kan jirgi guda na dizal da taragun kaya goma sha biyu, duk samfurin Amurka. In ya jera su a kan dogo sai ya ga kamar kayan wasan yara, saboda sheƙin roba. Ya gwada tsufar da tarago ɗaya, ya tsinka baƙin fenti ya shafe shi kaf, sai ya fito kamar an tsamo shi daga kwata. Yanzu yana tsoron taɓa kan jirgin. Ta ina zai fara, kuma dole ne sai ya sayi ƙaramar bindigar feshi?

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Duk wanda ka ga ya iya wannan aiki yana da irin wannan taragon a ɓoye a ƙasan akwati. Nawa ja ne, har yau yana nan. Hannunka lafiya lau yake. Inda aka samu matsala shi ne ka zuba wa taragon datti ba ka tambayi kanka daga ina dattin ya fito ba.

A jikin jirgin gaske babu tabon da ba shi da mafari. Ruwan sama yana sauka a rufi, ya kwaso ƙura da tsatsa ya gangaro da su ta gefe, don haka zanensa kullum a miƙe yake daga sama zuwa ƙasa. Ƙafafu suna watso ƙasa da laka daga dogo, shi ya sa gindin tarago ya fi ko'ina ƙura, kuma ƙurar tana raguwa in ana hawa sama. Hayaƙi yana fita ta salansa ya kwanta a rufi. Mai yana tsiyaya daga bakin da ake ɗura shi, ko daga inda ya sami kafa. Rana tana cin launi. Hannun ma'aikata da takalmansu suna goge wurin kamawa da wurin takawa har ƙarfe ya bayyana. In ka ɗauki burushi, kafin ya taɓa roba, ya kamata ka iya faɗin wanne daga cikin waɗannan kake kwaikwaya. Baƙin da ka shafa ko'ina daidai wa daida babu abin da ya kawo shi, shi ya sa ido ya ƙi amincewa da shi, ko da mai idon bai taɓa tsayawa kusa da jirgi ba.

Sai batun baƙin kansa. HO kashi ɗaya ne cikin 87 na girman jirgin gaske. In ka tsaya mita ɗaya daga taragonka, daidai yake da kallon na gaske daga nisan mita 87, kuma daga wannan nisa babu baƙi ƙirin, babu fari fat. Iska da ƙurar da ke tsakaninku sun riga sun sassauta kowane launi. Saboda haka ka ajiye tsantsar baƙin fenti a gefe. Abin da kake so shi ne toka mai duhu wadda aka ɗan sirka da ruwan ƙasa. Tsofaffin masu wannan sha'awa sun saba da wani launi na kamfanin Floquil mai suna Grimy Black, wanda a gaskiya toka ce mai duhu. An daina yin Floquil a 2013, amma haɗa irinsa ba wuya: baƙi, ɗigon fari, ɗigon ruwan ƙasa. Wannan lissafi na 87 ya shafi girman tabo ma. Ɗigon tsatsa mai faɗin milimita ɗaya a taragonka ya kusa santimita tara a jikin na gaske, wato kamar tafin hannu. Yawancin masu farawa suna yin tsatsa mai girman faifai ba su sani ba.

Mutumin da aka fi danganta yaɗuwar wannan fasaha da shi Ba'amurke ne, John Allen, mazaunin Monterey a jihar Kalifoniya, mai shimfiɗar dogon da ya sa wa suna Gorre & Daphetid. A 1948 ya ci gasa da wani ƙaramin ɗakin ajiye kan jirgi wanda ya tsufar da shi har da tattabaru da kashinsu a rufi, a zamanin da kowa ke alfahari da sheƙin kayansa. Ya rasu a Janairun 1973, kuma kwana goma bayan rasuwarsa gobara ta cinye aikin. Abin da ya sa na kawo shi: sana'arsa ɗaukar hoto ce. Ido ya fara horarwa kafin hannu.

Kai ma daga nan za ka fara. Nemo hoto mai launi na irin taragon da ke hannunka, ko mai kama da shi, ka ajiye a gabanka har ka gama. Kada ka yi aiki da ka. Abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe game da tsohon jirgi ƙarya ce mai yawa a ciki, tana ƙara tsatsa tana rage ƙura. Kuma kada ka kwaikwayi aikin wani mai tsufarwa, don in ka kwafi kwafi kurakuransa za ka gada ka ɗora naka a kai. Ka kula da zamanin hoton. Tsofaffin taragu suna da akwatin mai a ƙarshen kowane gatari, mai murfi, wanda ake cusa wa tsumma jiƙe da mai. Man yana zuba a fuskar ƙafa, ƙura ta manne, sai ka ga ƙafar baƙa mai maiƙo. Taragun da ke kan boris na zamani ba sa zubar da mai, ƙafafunsu busassu ne, launin tsatsa da ƙura. A farkon shekarun 1990 aka hana musayar masu akwatin mai tsakanin kamfanonin jirgi a Amurka. Haka rubuce-rubucen fentin feshi da matasa ke yi a jikin taragu: in kana kwaikwayon shekarun 1950 ba su da gurbi, in kuwa zamanin yau ne da wuya ka ga jerin taragu babu su. Layukan rawaya masu ƙyalli da dare daga 2005 aka wajabta su. Wanda ya san jirgi da kallo ɗaya zai gane in an cakuɗa zamani.

Yanzu aikin hannu. Ɗauki taragon da ba ka damu da shi ba. Cire bogi biyun, wato firam ɗin da ke ɗauke da ƙafafu, ka cire ƙafafun daga ciki. Wanke gangar jikin da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwano, da tsohon burushin haƙori mai laushi, ka bar shi ya bushe sarai. Daga nan kada ka sake taɓa shi sai da safar hannu. Maiƙon yatsa ba a ganinsa sai an sa hoda, a lokacin ne zai fito ɓaro-ɓaro, zanen yatsa mai girman ƙofa.

Ƙafafu da bogi su ne rabin aikin, kuma su ne aka fi mantawa. Shafa wa fuskar ƙafa da bayanta da gatari fenti marar sheƙi, launin da hotonka ya nuna. Wuri biyu kawai fenti ba zai taɓa ba: inda ƙafa ke taka dogo, da tsinin gatari da ke juyawa a cikin bogi. In ya taɓa, goge shi nan take da auduga mai tsinke. Yawancin bogi da wata roba mai santsi ake yin su, irin Delrin, wadda fenti ba ya kama ta da kyau, don haka ka wanke su sosai kuma ka yi shafi siriri. Ƙugiyar haɗa taragu, irin ta Kadee, kada ka kusance ta da fenti mai kauri, za ta daskare ta daina buɗewa. Ɗan hoda mai launin tsatsa ya ishe ta, sai garin bakin fensir a gaɓarta don ta yi santsi. In ka mayar da waɗannan ƙafafu ƙarƙashin taragon da ba ka ma taɓa jikinsa ba, za ka sha mamakin yadda ya canja.

Sai gangar jiki. A nan akwai abin da ake saɓani a kai, kuma ina zaton yana cikin abin da ya kayar da kai. Tsinkakken fenti, wanda ake so ya bi lungu da saƙo ya kwanta a gefen kusoshi da tsagin ƙofa, ya fi gudu da kyau a kan jiki mai ɗan sheƙi. A kan jiki marar sheƙi yana shiga kamar tawada a takarda, ya bazu, ya bushe da da'ira kamar sawun ruwa. Hoda kuwa akasin haka ce, ba ta kama jiki mai santsi. Saboda haka ni tsarina shi ne tsinkakken fenti tukuna, a kan fentin kamfani yadda ya zo, sannan feshin kashe sheƙi, sannan sauran. Kuma ba shafe jiki ake yi da shi ba. Ka tsoma bakin siririn burushi, ka ɗosana a tsagi, ka bar shi ya bi hanyarsa da kansa. Wanda ya fita waje, ka jira ya ɗan sha iska ka ɗauke shi da burushi mai ɗan danshin tina, wato ruwan tsinka fenti, kana ja daga sama zuwa ƙasa. Wasu suna amfani da tawadar Indiya, cokalin shayi ɗaya ko biyu a rabin lita na sifirit ɗin isofurofil. Tana da kyau a kan katako da gine-gine. A kan tarago na fi son fentin mai na masu zane, saboda yana ba ka lokaci.

Feshin kashe sheƙi fenti ne marar launi da ke zuwa a gwangwani. Testors Dullcote ne ya fi shahara, Tamiya da Vallejo ma suna da nasu. Girgiza gwangwanin sosai, ka tsaya nesa kamar taƙi ɗaya da rabi, ka wuce da sauri sau biyu. Kada ka fesa ranar da iska ke da laima, zai yi fari kamar hazo. Duk abin da yake gilashi ka cire shi ko ka rufe shi da tef. Na taɓa ganin ƙyuya ta hana ni rufe tagogin wani taragon fasinja, na fesa, na wayi gari da jirgin da ba a ganin komai a cikinsa. Garin gyaran gira na rasa ido.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi komai raba gwani da ɗan koyo, kuma ba datti ba ne. Koɗewa ce. Fentin jirgin da ya shekara goma a rana ba ya nan yadda ya fito daga masana'anta. Ja yana komawa ruwan hoda, har masu kallon jirgi a Amurka suna tsokanar tsofaffin kawunan jirgi na kamfanin Santa Fe masu jan goshi saboda yadda jan ya koɗe. Shuɗi yana yin fari-fari kamar an barbaɗa alli. Taragun kamfanin Railbox masu ruwan ɗorawa, waɗanda suka fara fitowa a 1974, da yawansu sun koma launin bambaro. Rubutun jikin tarago ma yana koɗewa tare da fentin, farin harafi yana narkewa ya tsiyayo ƙasa. In ka ɗora ƙura da tsatsa a kan launi mai ƙarfi da rubutu fari tas, abin da za ka samu sabon tarago ne da ya faɗa taɓo. In ka fara kashe ƙarfin launin, ko ba ka ƙara komai ba ya riga ya tsufa.

Da bindigar feshi, fari ko launin yashi ake tsinkawa sosai, kamar kashi ɗaya na fenti cikin tara na tina, a fesa sama-sama sau da yawa, ana dubawa bayan kowane zagaye. Ba da bindiga ba, ka sami fentin mai fari, ka ɗiɗɗiga ƙananan ɗigo kamar kan allura a jikin taragon, ka ja su ƙasa da faffaɗan burushi mai ɗan danshi har su kusa ɓacewa. Abin da ya rage shi kake so. Akwai kuma wata dabara da aka gano ta hanyar kuskure: in sifirit ya taɓa jikin da aka fesa wa Dullcote, yana barin fari-fari mai kama da cin rana. Tana aiki, sai dai ba ta jin linzami, wani wuri ya yi yawa wani ya yi kaɗan. Daɗinta shi ne in ba ta yi maka ba, ka sake fesa Dullcote farin ya ɓace.

Tsatsa. A nan kowa ke zarcewa, don tana da daɗin yi. Launuka huɗu na fentin mai sun ishe ka shekaru: amba ɗanye da ƙonanne, siyena ɗanye da ƙonanne, duk nau'o'in ruwan ƙasa ne. Tsohuwar tsatsa duhu gare ta, kusan ruwan makuba. Sabuwa, da wadda ruwa ya wanko, ita ce mai ruwan goro. Don haka tabon kansa ka yi shi da duhu, zanen da ya gangaro daga gare shi ka yi shi da haske. Matse fentin a kan kwali ka bar shi kwalin ya tsotse man, in ba haka ba zai yi sheƙi kuma ya ƙi bushewa. Ɗosana ɗigo da tsinken sakace, ka jira kaɗan, ka ja shi ƙasa sau ɗaya da burushin da ya kusa bushewa. Ka riƙe taragon a miƙe lokacin ja, domin zanen da ya karkace ko kaɗan yana tona asiri, ruwa ba ya gangara a kaikaice. Wuraren da za ka sa: layin da ƙofa ke gogawa in ana turata, gefen rufi, kusoshi, ƙasan tsani, duk inda aka buga fenti ya tashi. Don ƙananan ɓantarori, yagi ɗan soso, ka tsoma a fenti mai duhu, ka goge kusan duka a takarda, sannan ka ɗan taɓa. Rufin taragun kaya da yawa kwano ne mai rufin zinki, fenti ba ya daɗewa a kansa, yana ɓarewa ya bar toka mai haske, tsatsa ta biyo daga baya. Ka ba rufi lokaci fiye da gefe, tunda daga sama ake kallon ƙaramin jirgi. Fentin mai yana son kwana biyu ko uku kafin ka ɗora wani abu a kansa.

Ka riƙe wannan ƙa'ida ta tina: kowane shafi ya zama tinarsa ba ta narkar da na ƙarƙashinsa. Fentin mai da farar tina marar wari a kan fentin akirilik da ya bushe lafiya lau ne. Tina mai ƙarfi ta fentin laka (lacquer) da asiton kuwa suna cin robar kanta, kada su kusanci jirginka.

Hoda ita ce ta ƙarshe. Akwai ta Bragdon, akwai PanPastel, kuma allin zane na masu fasaha, wanda ba na mai ba, in ka goga shi a takardar yashi yana aiki. Da burushi mai laushi, launin ƙasa mai haske a gindin tarago, kana shafawa daga ƙasa zuwa sama, hannu yana sauƙi in ka kai kashi ɗaya cikin uku na tsayin. Duba ƙarshen tarago a hoto: za ka ga layi biyu a tsaye, tazararsu daidai da faɗin dogo, laka ce da ƙafafun maƙwabcinsa suka watso masa. Mutane kaɗan ne ke yin wannan, alhali minti biyu ne. In ka sake feshin kashe sheƙi a kan hoda, yawancinta za ta ɓace, musamman mai haske. Ko dai ka sa ka fesa, ka sake sawa ka sake fesawa har ta tsaya, ko ka bar ta haka ka riƙa ɗaukar taragon ta ƙasa. Ni taragon da ake yawan ɗauka nake rufewa, sauran in bar su.

Abin da tarago ke ɗauka shi ke rubuta tarihinsa. Na siminti yana da farar toka da ta daskare a bakin murfi ta gangaro. Na kwal cikinsa ya goge, gefensa ya kumbura. Na tankin mai yana da baƙin zane mai ɗan sheƙi daga murfin sama, kuma wannan sheƙin sai bayan feshin ƙarshe ake sa shi. Tarago kan canja mai shi, sai a shafe tsohuwar lamba da faci a rubuta sabuwa, kamar yadda kamfanin jirgi na Conrail ya yi wa kayan da ya gada a 1976. Facin sabon fenti a kan tsohon jiki yana da kyau ƙwarai, kuma sauƙin yi gare shi: ka rufe wurin lambar da tef kafin ka fara, ka ɓare in ka gama.

To, kan jirgin da kake tsoro. Ka bar shi sai ka gama taragu biyar ko shida. In lokacin ya yi, labari mai daɗi shi ne ya fi tarago buƙatar sauƙin hannu, domin kamfanoni suna wanke kan jirgi, taragon kaya kuwa kusan ba mai wanke shi. Cire gangar jikin daga kan injin ka yi aikinka a kanta ita kaɗai. Hoda da fenti ba su da abin yi kusa da mota, da giya, da na'urar sarrafawa, da lasifika. Kada ka taɓa amfani da soson ƙarfe a kusa, maganaɗisun motar zai janyo ɓurɓushinsa. Ramukan iska na lagireto da fankokin rufi su ne wurin tsinkakken fenti mai duhu, don su yi zurfi. Baƙin hayaƙi ya fi kauri a bakin salansa, ya baje a rufi gaba da baya, tunda kan dizal yana tafiya ta kowace fuska. Yawansa ya danganta da irin injin: ƙirar kamfanin Alco sun yi suna wajen tuƙa hayaƙi in aka taka su, kuma kawunan jirgi na kamfanin Southern Pacific da ke ratsa ramukan duwatsun Siyera Nebada sun shahara da dauɗa saboda hayaƙinsu a kansu yake komawa. Tankin mai yana da jiƙaƙƙen zane ƙarƙashin bakin ɗuri. Bogi yana da ƙura mai haske, da ɗan farin yashi kusa da bututun da ke zuba yashi a dogo don ƙafa ta kama. Gaban jirgi daga ƙasa yana shan tsakuwa. Gilashin direba, fitilu, da allon lamba kuwa ka bar su tsaf, don ma'aikata suna goge su ko da sauran jikin ya yi baƙi. In ka gama, jiƙa tsumman takarda da sifirit ka shimfiɗa a kan dogo, ka ɗora bogi ɗaya a kai ɗayan yana shan wuta, ka bar ƙafafun su juya su goge kansu. Ta ƙafafun nan wuta ke shiga, ɗigon fenti ɗaya ya isa ya sa jirgi ya riƙa tsayawa.

In wata rana ka sayi kan jirgi mai tururi, wannan wata duniya ce, kuma ita na fi so. An yi masa fenti baƙi amma ba ya zama baƙi. Samansa kunkunniya ce marar sheƙi. Wajen murhu da ƙarƙashinsa toka ce mai haske. Duk inda ruwa ko tururi ke fita, bakin usur, bawul ɗin rage matsi, mahaɗar bututu, akwai farin zane na gishirin ruwa da ya bushe, kuma ya fi yawa a yankunan da ruwansu ke da nauyi. Sandunan da ke juya ƙafafu maiƙo ne mai sheƙi. Hotunan jiragen Birtaniya na 'yan shekarun kafin a daina aiki da tururi a 1968 makaranta ce guda, don a lokacin an daina kula da wankinsu. In za ka yi masa feshi, ka sa ƙafafun suna juyawa a hankali, in ba haka ba sandunan za su bar inuwarsu a fuskar ƙafa.

Batun bindigar feshi: ba dole ba ce. Abu biyu take yi fiye da burushi, koɗewa mai laushi da ƙurar gindi, kuma tana sauri in kaya sun yi yawa. Duk sauran, burushi ya fi ta. Ga mai taragu goma sha biyu, gwangwanin kashe sheƙi, fentin mai kala biyar, hoda kala uku da burusai huɗu sun wadatar. In ka saya daga baya, matsin iska tsakanin 15 da 20 a ma'aunin psi ya isa ga tsinkakken fenti. Ko gwangwani ko bindiga, ka yi feshi a inda iska ke wucewa, da takunkumin da aka yi don tururin fenti. Na tsumma ba ya tare komai.

Kada ka tsufar da taragun nan goma sha biyu daidai da juna. Tsaya ka kalli jerin jirgin kaya a bidiyo: akwai wanda bai daɗe da fitowa daga fenti ba, akwai rututu masu ƙura da ɗan koɗewa, sai ɗaya ko biyu da tsatsa ta cinye. In nawa ne, biyu feshin kashe sheƙi da fentin ƙafafu kawai za su samu, takwas koɗewa da ƙura, biyu ne zan zauna a kansu da tsinken sakace. Ka riƙa duba aikin a ƙarƙashin fitilar da jirgin zai zauna, domin abin da ya yi daidai a teburin aiki yakan ɓace ko ya yi yawa a kan shimfiɗa. Ɗauki hotonsa da waya ka duba, kyamara ba ta jin kunyar kowa. Kuma duk lokacin da zuciyarka ta ce saura kaɗan, ajiye burushin ka kwana. Sau da yawa da safe za ka tarar an gama. Wani abu kuma: in akwai tsohon ƙaramin jirgi ƙirar Lionel ko Märklin ko na tagulla da kake tunanin sayarwa wata rana, masu tara irin waɗannan sun fi son su yadda suka fito daga kamfani.

Shi kuwa taragon kwata, bai mutu ba. In fentin ruwa ka yi amfani da shi, jiƙa auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 70 ka riƙa ja daga sama zuwa ƙasa, kana canja audugar da zarar ta yi baƙi. Mai kashi 91 ya fi ƙarfi, yana iya tafiya da rubutun kamfani, sai ka gwada a ƙarƙashin taragon tukuna. In fentin mai ne, farar tina marar wari. Kada ka nemi ka cire duka. Baƙin da zai maƙale a tsagin ƙofa da gefen kusoshi, daidai inda ya kamata ya zauna ke nan tun farko. In ya bushe ka fesa masa na kashe sheƙi, ka ɗora koɗewa, ka yi masa ƙafafu, ka sa shi cikin biyun nan da tsatsa ta cinye.